Dutse Mai Sulɓi

Karo na huɗu ke nan Mai Tayil yana zuba alkama a ramin dutsen niƙan da ya haɗa yana juya mariƙin, kuma karo na huɗu ƙwayoyin suna gangarowa ta gefe lafiyarsu lau, ko ƙwarzane babu. Ya ja dogon tsaki, ya share gumi da bakin riga.

Kwana uku bai leƙa wurin aiki ba saboda dutsen nan. Mahaifiyarsa, Inna, tun da aka sallamo ta daga asibiti ta ƙi abinci. Duk abin da aka yi da garin inji sai ta shinshina ta ture, wai warin ƙarfe da baƙin mai yake yi. Likita kuwa bai ɓoye masa ba: in ta kai ƙarshen mako a haka, gado za a mayar da ita a zura mata roba ta hanci. Shi ya sa ya samo fala-falan duwatsu biyu, ya yanke su kewayayyu da injin yankan tayil, ya huda tsakiya ya kafa ƙarfe, ya sa mariƙin katako. Sannan ya yi abin da ya fi iyawa a duniya, ya bi su da injin goge daɓe har sai da ya ga fuskarsa a ciki. Shekara ashirin yana sana'ar nan, ba a taɓa kama aikinsa da kaushi ba.

Matarsa, da ke tsaye da rariya tun hantsi, ta tambaya ko ta je ta dawo, tunda ga alama alkamar shan iska kawai take shiga yi. Ya ɗora bulo biyu a kan dutsen sama don ya ƙara nauyi, ya yi ta juyi har kafaɗarsa ta ƙage. Bulo ɗaya ya zame ya dirar masa a babban yatsa. Nan fa ransa ya gama ɓaci, ya rantse sai ya fasa banzan dutsen kowa ya huta.

Sai ya ji takun sanda a bayansa. Inna ce, wadda rabonta da tsakar gida kwana goma sha biyu, tana dafe da bango.

"Kai, wa ke wasa da faranti tun safe ya hana ni sakat?"

Ya yi mata bayani yana yarfe hannu. Ta sa ya ɗaga dutsen sama, ta sunkuya da ƙyar ta shafa fuskarsa da tafin hannu.

"Madubi ka yi mini ko dutsen niƙa?"

Ta ce sai da kaushi dutse ke kama ƙwaya. Su a zamaninsu, da zarar dutse ya yi sulɓi sassare shi ake yi. Ta umarce shi ya ɗauko guduma da kurfin sara ya bi fuskokin biyu, ya kuma tsaga 'yan hanyoyi daga tsakiya zuwa baki.

"Inna, yini guda fa na yi ina goge shi."

"To, yi rabin yini kana ɓata shi."

Haka ya duƙa yana sara, kowane bugu kamar a jikinsa. Inna ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna tana nuni da sanda: nan bai ji ba, can ma haka, tsoronsa kake ji ne? Matarsa sai ƙunshe dariya take a cikin mayafi.

Da rana ta yi sanyi ya mayar da dutsen, ya zuba alkama, ya juya. Sautin ya sauya, ya koma gurnani, sai ga gari yana zubowa. Har ya fara washe baki, Inna ta ɗanɗana ta tofar. Tsakuwa ce zalla. Ta ce sabon sara sai an niƙa an zuba wa kaji, an sake niƙawa an zubar, a ƙalla kwana uku kafin mutum ya kai bakinsa.

Ya zube a ƙasa ya jingina da bango. Ya gaji tiɓis.

"Inna, jibi fa likita ya ce."

Ta dube shi, ta dubi yatsan da ya kumbura ya yi baƙi, ta dubi dutsen. Can ta juya wajen surukarta.

"Ke, da sauran abin nan naku mai warin ƙarfe? Zubo mini kaɗan. In na koma gadon asibiti, wannan sai ya sake goge mini dutse."