Ɗamarar Simsim

Sau uku Abu Yazan yana zura ƙafar karen inda ba nan ba. Ɗamarar ja ce, mai maɗauri huɗu da ƙugiyar ƙarfe a gadon baya, kuma bai taɓa ɗaura ta da hannunsa ba. Simsim kuwa ya tsaya cik a ƙofar gareji, ya ɗaga ƙafar dama, ya ɗaga ta hagu, yadda aka saba masa, yana jiran tsohon ya gano kan abin.

"Yau kuma kai za ka koya mini aiki?" in ji Abu Yazan.

Matarsa, Ummu Yazan, ta leƙo ta tagar kicin. Ba ta dubi karen ba. Wata uku ke nan ba ta dube shi ba.

"Abu Yazan, ka haɗa da kwanonsa da bargon. Kada ka bar mini ko silin gashinsa."

"Na ji."

"Ka ce wa ƙanenka in ya so ya ɗaure shi a gindin zaitun, in ya so ya sake shi. Ni dai kada ya dawo mini gida."

Ta ja tagar ta rufe.

Ɗansu Yazan ya rasu ne wata Juma'a a hanyar garin Jarash, za shi gonar baffansa da karen, kamar kowane mako. Motar ta wuntsila sau biyu. Shi an tsince shi can nesa da kwalta, cikin duwatsu. Simsim kuwa a kujerar baya aka same shi, ɗaure cikin ɗamararsa, ko ƙwarzane babu. Tun a zaman makoki mata suka yanke hukunci: karen ne ya ɗauke wa yaron hankali. Ummu Yazan ta riƙe wannan magana da hannu biyu, domin mai baƙin ciki yana son wanda zai tuhuma, kare kuma ba ya musu.

Abu Yazan ya san ba haka ba ne. Ɗan sandan da ya miƙa masa agogon Yazan da wayarsa ya ja shi gefe, ya ce bel ɗin direba a maƙale aka same shi, amma ta bayan mai zama.

Duk direban da ya amsa sunansa a birnin Amman ya san wannan dabara. Ka maƙala bel ɗin tukuna, sannan ka zauna a kansa. Mota ta daina yi maka tsiwa, ƙirjinka ya sha iska, in ka hango ɗan sanda ka yafo maɗaurin a kafaɗa har ka wuce. Mu direbobi wayo muke kiransa, har dariya muke yi wa wanda bai iya ba. Abu Yazan ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan farar tasi da wannan wayo, kuma shi ya nuna wa ɗansa ranar da ya fara ɗora shi a kan sitiyari. Bai gaya wa kowa abin da ɗan sandan ya faɗa ba.

Ya shimfiɗa bargon a kujerar baya, ya sa ƙugiyar a ramin bel har ta ce ƙas, ya sauke gilashi kimanin yatsa uku, don haka ya ga Yazan yana yi. Sannan ya shiga gaba, hannunsa ya yi abin da ya saba ba tare da ya tambaye shi ba.

Har suka fita daga cunkoson unguwar Suwailih karen bai yi motsi ba. Abin da ya dami Abu Yazan shi ne kallon. Duk sanda ya ɗaga ido ga madubi sai ya tarar Simsim ya kafe ƙeyarsa da ido, kunnuwa a tsaye, kamar mai jiran wannan ƙeya ta juyo da wata fuskar. Bargon kuma har yanzu yana ƙanshin turaren Yazan. Ya ƙara sauke gilashi, ƙanshin ya ƙi fita.

Da suka fara gangara, karen ya soma wani kuka siriri ta hanci, yana karce ƙofa. Abu Yazan ya ɗauka wurin haɗarin ya gane. Ashe wata rumfar gahawa ce a gefen titi, mai jar tuta da tulunan ƙarfe biyu. Ya taka birki don kada karen ya ɓata masa kujera.

Mai gahawar, wani ƙaton dattijo mai furfurar gashin baki, ya taho yana goge hannu a riga. Yana leƙa bayan motar sai ya washe baki.

"Kai, Simsim! Ɗan banza, ina ka shige? Na ce ko ka samu mai gahawar da ya fi ni ne!" Ya juyo. "Sannu, Alhaji. Kai ne baban ko? Hancin nan ba ya ɓuya. Mai sukari ko baƙa?"

"Baƙa."

Mutumin ya kawo gahawa a kofin takarda, ya kawo ruwa a gindin wata tsohuwar roba, ya buɗe ƙofar baya kamar motarsa. Karen ya sha yana kaɗa jela.

"Wa ya ɗaura masa wannan? Kai ne? Wallahi da ɗanka ya gani sai ya ƙwace maka lasin." Ya zura yatsu biyu a ƙarƙashin maɗaurin ƙirji. "Ka gani? Yatsa biyu, ba huɗu ba. Sau nawa ya yi mini wannan karatun a nan! Wai kada a ba shi abinci kafin tafiya, zai yi amai. Wai kada ya fito da kai ta taga, ƙura za ta shiga idonsa. Na ce masa, ɗana, wannan kare ne ko amarya?"

Ya ja maɗaurin ya daidaita, yana dariya shi kaɗai. Sai idonsa ya sauka a kan ƙirjin Abu Yazan, ya bi bel ɗin da ya ɓace a bayansa, ya tafa hannu.

"Ahaf! Gida ɗaya, hali ɗaya. Kare da bel, mai kare babu! Kullum sai na tsokane shi da wannan. Ka san abin da yake ce mini? Wai babana shekara talatin yana tuƙi bai taɓa ɗaurawa ba, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Yana faɗa yana fankama da kai, wallahi. Ina yake ne? Ko ya yi aure an hana shi fita?"

Abu Yazan ya dubi kofin da ke hannunsa.

"Allah Ya yi masa rasuwa. A kwanar da ke gaban nan."

Mai gahawar ya saki ƙofar. Ya yi salati, ya sake yi, ya cire hularsa ya rasa inda zai sa ta. Da Abu Yazan ya miƙa masa kuɗi ya ture hannun, ya ce ya rantse ba zai karɓa ba, ya koma rumfarsa ya zauna ya ba titi baya.

Abu Yazan ya daɗe bai ta da mota ba. Tirela ta wuce, motar ta girgiza. Wayarsa ta yi ƙara, ƙanensa ne, wataƙila yana son jin ko ya kusa, ya bar ta har ta gaji. A madubi Simsim ya kwantar da haɓa a kan bargo, amma idon yana nan a ƙeyarsa. Wannan dabba ita kaɗai ta ga abin da ya faru, kuma ita ce zai kai a ɗaure a gindin itace saboda laifin da ya san mai shi. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba ko a bakin kabari.

Ya miƙa hannu ya ɓalle bel ɗin da ya maƙala a bayansa. Ya ta da mota, ta fara tsiwarta, tin, tin, tin. Ya jawo maɗaurin ta kan ƙirjinsa. Sai da ya lalubi ramin sau biyu, don bai taɓa neman sa daga wannan ɓangaren ba. Motar ta yi shiru. Ya juya kanta zuwa Amman.

Ummu Yazan tana shanya a tsakar gida ta ji ƙarar injin. Ta fito da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ta hango jar ɗamarar ta gilashin baya, fuskarta ta haɗe. Ta taho da faɗa a bakinta har gefen direba, ta sunkuyo.

Faɗan bai fito ba. Shekara talatin da huɗu tana shiga motar mutumin nan, ba ta taɓa ganin wannan baƙin maɗauri a ƙirjinsa ba. Ta dube shi, ta dubi karen, ta sake duban maɗaurin. Ruwan rigar yana ɗiga a kan ƙafarta.

"Yaushe ka fara ɗaura wannan?" ta ce a hankali.

Abu Yazan ya kashe mota. Bai ɓalle bel ɗin ba.

"Rudaina," ya kira ta da sunan da rabonsa da shi tun ranar da aka haifi Yazan, "zagayo ki zauna. Ba Simsim ba ne."