Ranar da Na Ɗauki Baba

Ina tashar Bakura ina jiran cikon mutum ɗaya zuwa Maradun sai yayana Zubairu ya kira ni. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, shi da kan tambayi har lafiyar kajin gida.

"Surajo, sai haƙuri. Baba ya cika. Liman ya ce da an sallame Azahar za a yi mai salla. Ka taho, ka san ba a jira."

Ban jira cikon ba. Na rufe but ɗin motata, na tada ta, fasinjoji biyar suna kallona. Ƙarfe sha biyu da rabi ne lokacin, kuma daga Bakura zuwa Mafara, garinmu da ke kan hanyar Maradun, ba tafiya ba ce ga direba irina. Na riga na lissafa: zan tarar da wanka, in ga fuskarsa kafin a rufe, in tsaya a sahun farko.

Mahaifinmu, Malam Nasidi, shekara talatin ya yi yana koro jakuna da buhunan dawa daga Ruwan Gizo zuwa kasuwar Mafara, har motocin a-kori-kura suka zo suka ƙwace sana'ar. Bai taɓa yafe wa mota ba. Cewa yake ta cinye fili, ta cinye inuwa, ta hana tsoho tsallaka titin garinsu. Shekarata goma sha biyu ina tuƙi, bai taɓa sa ƙafa a motata ba. Ko na tarar da shi a rana yana takawa zuwa masallaci, in tsaya in buɗe masa ƙofa, sai ya ɗaga mini sanda.

"Wuce, direba. Randa ƙahwata tag gaza, sannan ka ɗauke ni."

Abin da na manta shi ne yau Talata, ranar kasuwar Mafara. Ni, haifaffen garin da aka raɗa wa suna da ranar kasuwarsa! Tun daga nesa na hango tireloli sun yi layi, ga motocin shanu, ga a-kori-kura an labta musu albasa har suna rangaji. Masu rake da kankana sun baje kaya a kan kwalta kamar gonar ubansu. Keke mai taya uku da kabu-kabu kuwa duk inda suka ga tazarar taku ɗaya sai sun cusa kai. Kowa na danna hon, babu mai motsi.

Ƙarfe ɗaya da kwata muka tsaya cak. Na kashe mota, na sake tadawa. Na leƙa ta taga, na zagi wani mai Keke da bai yi mini komai ba. Gumi ya jiƙa mini riga.

A kujerar gaba akwai wata dattijuwa, Inna Larai, za ta Maradun barkar jika. Ta ji duk abin da aka faɗa mini a waya.

"Ɗan nan, gidan naku da nisa?"

"Bayan masallacin can na, Inna, mai koren hasumiya."

"To mi kaka jira? Sauka ka taka mana. Mu ba mu ce komi ba."

"Yanzu za ta buɗe, Inna."

Wallahi har zuciyata na yarda da haka. Tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙasa, amma wanda ya shekara goma sha biyu a bayan sitiyari ya manta ana zuwa wuri da ƙafa. Kuma direba ba ya barin mota da fasinja a tsakiyar titi, haka aka koya mana.

Sai na ga ɗaya hannun, na masu fitowa daga gari, ya ɗan yi sarari. Na san ba hannuna ba ne. Na murza sitiyari na faɗa. Inna Larai ta ce, "A'a, ɗan nan!" Ban saurare ta ba. Motoci wajen shida suka biyo ni, don a titin nan da wani ya fara rashin hankali sai ya sami jama'a. Mun yi gaba kaɗan, har na fara jin daɗi, sai ga tirela ta taho muka yi hanci da hanci, daidai bakin layin da ke shiga unguwarmu. Gaba tirela, baya waɗanda suka biyo ni, gefe wani Keke ya manne da ƙofata ko buɗuwa ba ta yi.

A nan na ji kiran salla. A nan na ji an tada iƙama ta lasifika, na ji raka'a huɗu sun wuce ɗaya bayan ɗaya ina riƙe da sitiyari. Lasifika ta yi shiru, na san an fito da shi, an jera sahu. Na kifa kai na yi kuka kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba.

Waya ta yi ƙara. Zubairu ne.

"An yi salla, Surajo. Kana ina?"

"Ina kusa, Yaya."

"Motar da munka samo ta ɗauki Baba ta kasa hita. Wani marar tunani ya bi hannun da ba nashi ba, ya toshe bakin layi. A kahwaɗa za mu kai shi."

Na ɗaga kai na dubi cikin layin. Can ciki ga farar a-kori-kura a tsaye, direbanta ya fito yana ɗaga hannuwa. Babu abin da ke tsakaninta da titi sai motata. Kunyar da na ji a lokacin ta fi baƙin cikin nauyi.

Ba a jima ba suka ɓullo. Da farko hon ɗin kusa ne ya ɗauke, sannan na gaba, har titin da tun hantsi ba ka jin maganar na kusa da kai ya yi tsit. Mai rake ya ajiye wuƙa. 'Yan kabu-kabu suka sauka daga babura, direban tirela ya kashe inji ya diro. Makara na tafe a kan kafaɗu, an lulluɓe ta da tabarma, wannan ya ɗauka taku kaɗan ya ba wancan, har da waɗanda ba su san ko wane ne a ciki ba. Da suka iso inda motoci suka cushe, sai suka ɗaga ta sama da hannuwa suna ratsawa ɗaya-ɗaya.

Inna Larai ta taɓa mini hannu.

"Tashi. Motag ga ba ta zuwa ko'ina."

Ta taga na fita, na bar makulli a jiki, takalmina ɗaya ya faɗi ban tsaya ɗauka ba. Zubairu ne riƙe da gaban makara ta dama. Ya dube ni, ya dubi motar da ke bakin layi, ya gane ta. Na jira ya yi magana. Sai kawai ya sunkuya ya zame kafaɗarsa, na sa tawa.

Makarar babu nauyi, ban san Baba ya rame haka ba. Kwalta na ƙona mini tafin ƙafa, wani dattijo ya matso zai karɓe ni kamar yadda aka saba, na girgiza masa kai. Muka tsallake titin da ya yi shekaru yana tsoron tsallakawa, babu motar da ta motsa.

A bayanmu na ji wani ya ɗaga murya, "Wai wa ad da wagga mota?"

Ban waiwaya ba. Na matso da bakina kusa da tabarmar na ce, "Baba, ga direban ya zo."