Sabuwar Laftof ɗin Baba Zakka

Ranar Litinin aka kwashe tsofaffin kwamfutocin tebur daga ofishin, aka ajiye wa kowa laftof sabuwa dal, siririya, ba nauyi. Matasan ma'aikata sai murna suke yi. Baba Zakka kuwa yana ɗaga murfin tasa ya san akwai matsala. Ya duba gefen dama na kibod ɗin, inda ya saba samun madannan lambobi a dunƙule wuri guda, uku-uku, bai ga komai ba. Lambobin suna can sama, a jere cikin layi ɗaya dogo, daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Ofishin na wata ƙungiya ce mai kula da yaran da ke fama da tamowa, a wani gidan haya a Fadaman Mada. Ma'aikata kan shiga unguwanni su auna damtsen yara da tef, su rubuta a fom, su kawo wa Baba Zakka ya shigar a kwamfuta. Duk yaron da awonsa bai kai milimita 115 ba, kwamfutar za ta sa sunansa cikin jerin waɗanda za a kai wa abincin gina jiki. Shekara tara yana wannan aiki da hannu ɗaya. Hannunsa na hagu ya mutu tun wani haɗarin acaɓa a hanyar Jos, amfaninsa kawai ya danne rula a kan takarda. Na daman kuwa ya haddace wurin kowace lamba, har ba ya kallon kibod. Idonsa na kan fom, yatsunsa na gudu.

"Baba, ya na ga ka yi shiru?" in ji Mansir, wanda ke kula da na'urorin ofis, shi ne ma ya zaɓo laftof ɗin.

"Wannan ba ta da gefen lambobi."

"Ai shi ne kyanta! Wancan gefen shi ke sa na'ura ta yi faɗi ta yi nauyi, kuma mutum ya zauna a karkace. Wa ke amfani da shi yanzu? Ga lambobi nan a sama. Kwana biyu ka saba."

Baba Zakka ya buɗe baki, sai ya hango Hajiya Khadijatu tsaye a bakin ƙofa. Ita ce sabuwar shugaba, watanta biyu da zuwa, kuma an ce ta zo ne da niyyar rage ma'aikata. Mutum mai shekara hamsin da takwas, mai hannu ɗaya, ya fara da cewa ba zai iya aiki da sabuwar na'ura ba? Ya haɗiye maganarsa.

"Haka ne," ya ce. "Za mu saba."

Bai saba ba. Kowace lamba sai ya ɗauke ido daga fom ya nemo ta a kibod, in ya dawo kan takarda ya manta layin da yake. Hannun da ya saba zama wuri ɗaya yanzu yana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Fom ɗin da yake gamawa cikin minti ɗaya ya koma cin huɗu. Ranar Talata, da kowa ya fita cin abincin rana, ya lallaɓa sito ya ɗauko tsohon kibod ɗinsa, ya tarar bakin wayarsa zagayayye ne, babu ramin da zai shiga a jikin laftof. Ya mayar da shi da sauri kamar wanda ya yi sata.

Fom ɗari biyu da talatin ne na yaran unguwar Tirwun, kuma dole jerin ya fita ranar Laraba ƙarfe huɗu, domin mota za ta kai abinci da safiyar Alhamis. Hajiya ta leƙo sau biyu ranar Larabar. "Malam Zakka, saura nawa?" Gumi na tsiyaya a bayansa duk da fanka na juyawa. Saura minti goma huɗu ta cika ya tura jerin, ba tare da ya sake bi ya duba ba, abin da bai taɓa yi ba tun da ya kama aiki.

Ranar Alhamis ya riga kowa zuwa. Ko shayin da matarsa Liatu ta haɗa masa bai iya sha ba. Ya jawo tulin fom-fom ya fara kwatantawa da abin da ke kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya. A na arba'in da ɗaya yatsansa ya tsaya. Bintu, 'yar wata goma sha huɗu. A takarda an rubuta 112. A kwamfuta 122. Ya goge gilashinsa ya sake dubawa. Ya buɗe jerin masu karɓar abinci, ya bi shi daga sama har ƙasa. Babu sunanta.

A tsakar gida direba na loda katon-katon a mota. Baba Zakka ya zauna yana kallon fom ɗin. Zai iya gyara lambar a ɓoye, babu mai sani, yarinyar ta shiga jerin wata mai zuwa. Amma wata guda ga jaririyar da damtsenta bai wuce kaurin yatsunsa biyu ba? Kuma in akwai kuskure ɗaya a cikin arba'in, nawa ke cikin sauran?

Ya miƙe da fom ɗin a hannu, ya ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya.

"Ranki ya daɗe, a tsayar da motar nan. Na yi kuskure."

Ta karɓi takardar, ta dubi allon kwamfutarta, ta dube shi. Sai ta leƙa taga ta ce wa direba ya kashe mota. Sannan ta kira Paulina, ma'aikaciyar jinyar da za ta bi motar.

"Ki zauna ki riƙa karanto masa lambobin, shi yana dubawa. Duka. Ba mai tafiya sai an gama."

Awa biyu da rabi suka yi. Duk sanda Paulina ta karanto lamba, Baba Zakka sai ya riƙe numfashi har ya ga ta yi daidai. An riƙa bugo waya daga Tirwun, iyaye mata sun taru a ƙofar gidan mai unguwa tun safe, rana ta fara zafi. Suka sami kurakurai bakwai. Biyar ba su canza komai ba. Biyu sun fitar da yara daga jerin: Bintu da wani yaro, Mika'ilu.

Da mota ta tashi, Hajiya ta kira shi ta rufe ƙofa.

"An gaya mini shekara tara ba a taɓa kama ka da kuskure ba. Me ya faru?"

Ya gaya mata, kansa a sunkuye. Ya nuna mata yadda hannunsa yake zama a da, da yadda yake yawo yanzu.

"Me ya hana ka faɗa tun Litinin?"

"Tsoro, ranki ya daɗe."

"Tsoron naka ya kusa cin yaran mutane." Ta jawo takarda da biro. "Zan rubuta maka takardar gargaɗi, wannan ba makawa. Kira mini Mansir."

Mansir ya shigo, ya saurara, fuskarsa ta canza. "Wallahi Baba ban yi tunanin hannunka ba. Ai akwai ɗan ƙaramin kibod na lambobi zalla, ana jona shi a gefe. Da ka faɗa…" Hajiya ta ce ya bar surutu ya tafi kasuwar Wunti ya nemo, kar ya dawo sai da shi.

Baba Zakka ya koma kujerarsa, amma ya kasa taɓa komai. Wayar ofis yake kallo. Bayan azahar Paulina ta bugo: Mika'ilu ya karɓi nasa, amma ba a ga Bintu ba. Uwar, Fati, ta zo da safe, wani ya duba mata tsohon jerin da aka liƙa, ya ce babu sunan 'yarta, ta goya ta ta tafi. Maƙwabta sun ce wataƙila gidan iyayenta ta nufa, a Ƙofar Ran.

Bai nemi izinin kowa ba. Ya ɗauki fom ɗin ya tare keke napep. A Ƙofar Ran ya haɗu da Paulina, suka riƙa shiga lungu suna fita, suna tambayar gidan su Fati da ke aure a Tirwun. Wata mai tuyar awara ta ce Fati uku ta sani. Gidan farko ba ita ba ce. Na biyu a kulle yake.

A na uku, Paulina ta yi sallama ta shige, shi ya tsaya a zaure yana sauraron motsin cikin gida. Ya ji muryoyin mata, ya ji an ja tabarma. Sai kuma wani siririn kuka, kamar na ɗan kyanwa. An daɗe kafin Paulina ta leƙo.

"Ita ce, Baba. Jikin babu ƙarfi, amma ta karɓa, tana lasa. Gobe zan dawo in sake auna ta."

Ya jingina da bangon zaure, ya zame a hankali har ya zauna a ƙasa. Wani dattijo da ya fito daga cikin gidan ya dube shi, ya koma, ya dawo masa da ruwa a kofin silba.