Jiga Ɗari da Ashirin Sun Isa

Tsohuwar ordinatar gidan rediyon da Rumasa'u ke aiki a Gure ta sha raini, amma ita ba ta taɓa raina ta ba. A cikin wannan kwamfuta take tara waƙoƙin da matan makiyaya ke yi a bakin rijiya idan raƙumi na jan guga. Ran kasuwa, Inna Habsu ta Alakos ta ba ta aron katin wayarta, cike da muryoyin tsofaffin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Da la'asar motarsu za ta tashi, daga nan su yi arewa da dabbobi, sai bayan damina.

Ga shi disk dur, rumbun ajiyar ordinatar, ya cika maƙil. Rumasa'u ta ɗaura sabon da yayanta Fadilu ya aiko daga Damagaram, mai jiga ɗari biyar. Ordinatar ta ce ita ɗari da talatin da bakwai ta gani.

"Kai ta bola," in ji Adamu mai karanta labarai. "Ke da tsohuwar nan kun dace, duk taurin kai."

"Sayo mana sabuwa, ni zan kai ta a ka."

Ta kashe, ta kunna, ta sake jona wayoyi. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ta zauna cikin zufa ba ta motsa ba har ya dawo. Sannan ta kira malaminta a waya, Mushe Idirisa, wanda ya koya musu ordinatar a lise, wato sakandare.

Ya yi dariya. "'Yata, disk ɗinki lafiya lau. Injinan wancan zamani iyakar ƙidayarsu ke nan. Yanke mata ɗari da ashirin, ki ƙyale sauran. In kika tilasta mata, tana iya juyowa ta take abin da kika zuba da farko."

"Mushe, in bar sauran a banza?"

"Muryoyin jiga nawa ne?"

Ta duba. Ko takwas ba su kai ba.

Ta yanke, ta kwafa, ta saurara da kunnenta, sannan ta ruga tasha. Inna Habsu har ta hau kan buhunan hatsi a cikin mota. Rumasa'u ta miƙa mata katin.

"Kin kwashe duka, ɗiyata? Har ta Yaya Lauratu?"

"Har tarin da ta yi a tsakiyar waƙa, Inna."

Tsohuwar ta ƙulle katin a gefen zane tana sa mata albarka. Motar na tashi, Rumasa'u ta sake kiran malaminta, numfashinta bai dawo ba.

"Mushe, sun shiga. Allah ya saka da alheri."