Kwanar Jimina

Ƙasusuwan sun iso garin Lafiya a cikin kwalaye. Na roba ne, an kwaikwayi waɗanda aka haƙo a hamadar Mongoliya. Dakta Iveren, mai koyar da ilimin dabbobi a jami'a, ita ta roƙo su daga wata ƙawarta da ke aiki a ƙasar waje. Sai an kafa su a jikin ƙarfe za su tsaya, don haka ta kai wa Sha'aibu mai walda a unguwar Bukan Sidi, ta bar masa hoto, ta tafi taro Makurɗi.

Sha'aibu bai duba hoton ba. Mahaifinsa ya taɓa kiwon jimina a Nguru. Yana ganin dogon ƙwauri da ɗan ƙaramin kai marar haƙori, ya san inda aka dosa.

Da Dakta ta dawo, ta tarar da dabbar tsaye a ƙofar shago, wuyanta ya wuce rufin kwano.

Ta ce, "Malam Sha'aibu, ina wutsiyar?"

"Jimina ba ta da doguwar wutsiya, Dakta. Na ga ƙashi ya yi saura, na ƙara mata a wuya."

"Hannuwan fa?"

"Suna cikin kwali. Na ɗauka na wata dabbar ne aka haɗo da su."

Ta nemi benci ta zauna. Da ta huce, ta tambaye shi yatsu nawa ne a ƙafar jimina. Ya ce biyu. Ta nuna masa uku a wannan. Ta zaro hannu ɗaya daga kwali, shi ma yatsu uku, kowanne da dogon farce. Ta ce sunan dabbar dainoso, irinta sun ƙare tun miliyoyin shekaru. Danginsu ɗaya da tsuntsaye, amma dangin nesa, kuma ba ita ta haifi jimina ba. Gudu ne ya sa ƙirarsu ta zo ɗaya.

Sha'aibu ya daɗe yana kallon farcen. Ya ce, "Ana cin ta?"

"Ba wanda ya taɓa samun ta da rai."

"To, ba matsala."

Tare suka kwance wuyan, tana miƙo ƙashi yana ɗaurawa. Da wutsiya ta miƙe, dabbar ta yi tsawon da ba ta shiga ɗakin gwajin su Dakta. Aka ce a jira sabon gini. Ginin kuwa ko tushe ba a haƙa ba.

Haka dabbar ta zauna a ƙofar shagon Sha'aibu, ya yi mata rumfa. Duk Laraba ɗalibai sukan zo a keke napep, Dakta ta yi darasi a bakin titi, shi kuma ya kashe janareta har ta gama. Masu kawo gyaran ƙofa sukan tsaya su saurara. Wata mai sayar da doya ta riƙa ajiye tirenta a ƙarƙashin haƙarƙarin saboda inuwa.

'Yan acaɓa suka raɗa wa wurin Kwanar Jimina. Dakta ta yi ta gyara musu, wani har sai da ta sa ya sauka ya ƙirga yatsun. Ya ƙirga, ya yarda, ya ce ai shi ba dabbar yake nufi ba, kwanar.

Wata Laraba ta makara, ga hadari ya haɗo. Ta tare mashin a unguwar Shabu, ta ce ya kai ta shagon Sha'aibu mai walda. Ɗan acaɓan ya ce bai san shi ba.

Ta ce, "Kwanar Jimina."

Ya ce, "Hau, Madam."