Bangon Hagu a Shagon Baba Aƙilu

"Umma, yaushe na mutu?"

Ina durƙushe gaban turmi ina matsar tunkuza, hannuna duk mai. Na ɗago na dubi Zakiyya. Saura wata biyu ta cika shekara huɗu, tana tsaye da takalmi ƙafa ɗaya.

"Ki ce a'uzubillahi. Wa ya koya miki wannan maganar?"

"Ba wanda ya koya min. Baba Aƙilu ne ya sa ni a bangon waɗanda suka mutu."

Baba Aƙilu maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu a Unguwar Hajji, nan Ƙaraye. Mai hoto ne tun kafin a haife ni. Shagonsa a zauren gidansa yake, duk mai shiga wajen matarsa Inna Barira sai ya ratsa ta ciki. Yana da wata al'ada da kowa ya sani. Duk wanda ya ɗauka yakan fitar da kwafi ɗaya ya liƙa a bangon dama. Ranar da mutum ya rasu, idan an dawo daga maƙabarta, sai ya cire hoton ya mayar da shi bangon hagu, ya yi masa addu'a. Ba ya yarda kowa ya taya shi. A 'yan shekarun nan bangon hagu ya fi na dama cika.

Ranar Talatar da ta wuce na kai masa kwalaben man gyaɗata da ƙuli-ƙuli ya ɗaukar min hoton talla da zan sa a sitatus ɗin wayata, saboda na waya yana fitar da man kamar fitsarin doki. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera kwalabe uku, ya yi ta juya ta tsakiya yana ja da baya yana dawowa.

Inna Barira ta leƙo daga cikin gida. "Malam, kwalba ce fa, ba amarya ba."

"Ta fi amarya. Ita ba ta ce in ƙara mata haske ba." Ya dubi kwalbar. "Hajiya, ɗan murmusa mana."

Zakiyya ta yi ta dariya. Da ya gama sai ya ce ita ma ta hau kujera, ai makaranta za ta nemi fasfo. Fitilar kamara ta haska sau biyu. Ya duba bayan kamarar, ya daɗe yana dubawa. Ya ce ta sake kallonsa, ya kuma ɗauka. Sannan ya tambaye ni yaushe maigidana Lukman zai dawo. Na ce sai Juma'a, yana Rogo wajen aiki.

"To, idan ya dawo ya leƙo ni."

Washegari da hantsi aka same shi a ƙasa, tsakanin kwamfuta da bango. Hawan jini ne. Kwana biyu ya yi a asibiti aka dawo da shi gida, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Lukman ma bai samu dawowa ba a makon.

Shi ne ranar Asabar yarinyar nan ta zo min da wannan tambayar.

Ban wanke hannu ba. Na ja mayafi na shiga.

Shagon ba kowa. An rufe taga, hasken ƙofa ne kawai yake faɗawa a kan bangon hagu. Ga tsohon limaminmu. Ga direban da ya yi hatsari a hanyar Gwarzo. Ga kakata ta wajen uba da carbinta. Ga masunta biyu a bakin dam riƙe da wani ƙaton kifi, an mayar da su tare domin tare kwale-kwale ya kife da su. Duk suna kallon wuri ɗaya, inda mai hoto yake tsayawa, wato inda nake tsaye.

A layin ƙasa, daidai tsayin yaro, ga Zakiyya da jan ɗankwalinta.

Hoton ba a gyara shi ba, har majinar hancinta tana nan. Idonta na dama ya yi ja, yadda fitila kan yi wa kowa. Na hagu kuwa fari ne fat a tsakiya, yana sheƙi kamar na kyanwa. A gefenta, kafaɗa da kafaɗa, an liƙa wani tsohon hoto na yaron da ban sani ba, yana zaune a kan tulin gyaɗa. Shi ma ido ɗaya fari.

Zakiyya 'yar fari ce. A gaban manya ko sunanta ba na kira, idan ta faɗi sai in kau da kai in bar wani ya ɗauke ta. Ranar na manta da duk wannan. Na fizge hoton, na cusa shi a ƙugun zanina, na shiga cikin gida.

"Inna, me 'yata ta yi muku?"

Inna Barira tana dama masa koko. "Sadiƙa, lafiya?"

"A cikin matattu na same ta. Da ranta da lafiyarta."

"Ni rabona da duba bangon nan na manta. Ƙila ruɗewa ya yi kafin ya faɗi."

"Shekara talatin bai taɓa ruɗewa ba sai a kan tawa?"

Daga cikin ɗaki na ji wani sauti, kamar mutum yana son kiran suna amma harshe ya ƙi tashi. Ban shiga ba. Na dawo gida, na jefa hoton ƙasan akwati, na danna kayan sallah a kai. Na tofa wa yarinyar addu'a, na duba idanunta a rana. Baƙaƙe ne duka biyu, garau. Na ce mata idan na sake ganin ƙafarta a gidan nan sai na zane ta.

Na kira Lukman. Ya ce, "Tsoho ne, ba shi da lafiya. Ki yi masa uzuri." Na ce ya yi masa shi kaɗai.

Kullum Inna Barira sai ta yi min magana ta kan katanga.

"Sadiƙa, yana ta nuna wajen gidanku. Ko abinci ba ya karɓa sai ya nuna."

"Allah ya ba shi lafiya, Inna."

"Mun ba shi biro, hagun ba ta iya komai sai zane kamar na kaza. Ki zo ki ji abin da yake so, don Allah."

Sai a rana ta shida na je, saboda kunyar tsohuwar. Zakiyya ta biyo ni, na riƙe hannunta gam. Yana kwance a katifa a ƙasa, ya rame har na ga ƙashin goshinsa. Mutumin da ya zagaye Beli da Falgore da kasuwar Rogo a kan babur, kamara a wuya, yanzu ƙuda ma sai an kore masa.

"Baba, ya jiki?"

Bai dube ni ba. Zakiyya yake kallo, kuma ba fuskarta duka ba, gefe ɗaya. Ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya taɓa ƙasan idonsa. Sannan ya shimfiɗa tafin hannun, ya kife shi, ya buɗe. Ya kife, ya buɗe. Yawu yana zuba ta gefen bakinsa.

"Haka yake yi tun ranar," in ji Inna Barira.

Ni abin da na gani shi ne mutum yana gaya min yau ga ta, gobe babu. Ya miƙo hannu zai kama rigar yarinyar. Na janye ta bayana.

"Allah ya sawwaƙe, Baba," na ce, na fita. Har na kai zaure ina jin tafin hannunsa yana bugun tabarma.

Ranar Litinin bayan azahar ya cika. Na ji kukan ta kan katanga ina tsaka da suyar ƙuli-ƙuli. Na yi masa addu'a. Amma ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne, to, ya tafi shi kaɗai.

Ranar sadakar uku ƙaninsa ya ɓamɓare hotunan bangon hagu duka, ya zuba a faifai uku, aka shigo da su wajen mata domin kowa ta ɗauki nata. Na zauna a gefe ina kallo. Duk wadda ta ga nata sai ta share hawaye, sannan ta juya bayansa. Kowa sai ta juya.

Wata mata da ke kusa da ni ta taɓa gwiwata. Ta ce sunanta Na'ima, daga Falgore. Duk shekara idan marigayin ya je ɗaukar hoton girbin gyaɗa sai ya biya gidansu ya gaishe su, ba su taɓa sanin dalili ba. A hannunta akwai hoton yaron nan na kan tulin gyaɗa.

"Mujahid ɗina ne. Amma wannan ba irin namu ba ne. Na gidanmu idanunsa baƙaƙe ne duka biyu." Ta juya shi. "'Yar nan, kin yi boko? Karanta min."

Rubutun fensir ne, ƙanana, a tsaye. Na karanta mata a hankali.

"Mujahid, Falgore, ranar roron gyaɗa. Na ga fari a idonsa, na ɗauka laifin fitila ne, na goge na ba su mai kyau. Bayan shekara ɗaya da rabi idon ya kumbura ya rasu. Wani likita ya ce min wannan farin shi ne alamar farko. Ban iya gaya musu ba. Allah ya yafe min."

Matar ta miƙo hannu. Ta karɓi hoton, ta shafa farin da ɗan yatsa.

Na tambayi Inna Barira, "Duka yake rubutawa a baya?"

"Duka. Ko akuya ya ɗauka sai ya rubuta."

Na tuna tafin hannunsa. Ya kife, ya buɗe.

Ban san yadda na tsallake matan nan ba. Na watsar da kayan sallah a tsakar ɗaki. Hoton yana ƙasa, da shatin yatsuna na man gyaɗa a kai. Na juya.

"Zakiyya Lukman. Irin na Mujahid ne, na haɗa su na duba sau uku. Ban goge ba. A kai ta wajen likitan ido a Kano. Kada a jira Juma'a, zan shiga in gaya wa uwar yau."

Kwanan watan na ranar Laraba ne, ranar da ya faɗi.

Washegari da sassafe muna cikin motar Kano. Lukman ya taho daga Rogo ya same mu a tasha. Na miƙa wa likita hoton kafin in miƙa masa yarinyar. Ya duba gaba, ya duba baya, ya ce, "Wane ne ya ɗauki wannan?"

"Maƙwabcinmu ne."

"Ku yi masa godiya."

Sankara ce a cikin idon. Ba a iya ceton idon ba, amma ba ta fita zuwa wani wuri ba. Kwana goma sha biyu hoton ya yi a akwatina. Ban tambayi likita ko kwanakin nan sun canza wani abu ba, shi ma bai faɗa ba. Har yau ban tambaya ba.

Yanzu Zakiyya tana aji ɗaya. An sa mata idon roba, sai ka lura sosai za ka gane. Ita ce take kai wa Inna Barira ƙuli-ƙuli duk Alhamis, ta ratsa ta shagon. Ba a ba kowa hayarsa ba. Bangon hagu babu komai sai tabon gam, layi-layi, da wani ɗan fili a ƙasa daidai tsayin yaro.

Da aka tashi neman hoton Baba Aƙilu don a raba wa dangi, an duba kwamfuta da akwatuna uku, babu ko ɗaya. Shekara talatin da wani abu yana bayan kamara. Ni na samo shi, wata rana ina ƙara girman hoton man gyaɗata a waya. A jikin kwalbar tsakiya, cikin ruwan man, ga shi nan ɗan mitsitsi, ya sunkuya, kamara ta rufe masa fuska. A gefensa akwai wani jan ɗigo. Ɗankwalin Zakiyya ne, tana tsaye tana jira a ɗauke ta. Har yanzu da hoton nake talla.

Ke da kike karanta wannan, idan aka ɗauki yaronki hoto da fitila, kada ki yarda a miƙo miki wanda aka gyara. Ki ce a nuna miki na farko, mai majina da ƙura. Ki dubi idanun duka biyu. Idan ɗaya ya yi fari, ki sa takalminki ki nufi likitan ido a ranar.