Ruɓa a Ƙarƙashin Inji

Babu jirgin ruwa na sayarwa daga Kettering har Dover da Rodney Coad bai leƙa cikinsa ya fito yana girgiza kai ba. Wannan injinsa na hayaƙi, wancan rufinsa na yoyo, na gaba kuma wai warin dizal ya kama katifunsa. Mu da muka san shi mun san abin da ke cin sa, amma wa zai iya gaya wa tsohon kafintan jirage cewa bai san aibin jirgi ba? Rabin jiragen katakon da ke ɗaure a mashigin nan hannunsa ya taɓa su. In ya ce katako ya ruɓe, to ya ruɓe.

Abin da ke cin sa shi ne Tarella, jirgin da ya ƙera da hannunsa tun yana da baƙin gashi. Siriri ne, dogo, da iska yake tafiya, ɗan injin da ke cikinsa kuwa na fita daga gaɓa ne kawai. In iska ta cika zanensa sai ya kwanta gefe guda ya yi ta yankan ruwa, na ciki su jiƙe sharkaf. Matarsa Glenda ta sha wannan jiƙewa tare da shi tun suna amarya da ango, kuma kowa ya sani, ban da shi, cewa ta fi shi iya tuƙi.

Sai ciwon ƙugu ya kama ta. Da farko ta riƙa cije haƙori tana hawa, har ranar da ta zauna a ramin tuƙin Tarella ta kasa tashi, sai da aka kira mutane daga gaɓa suka ɗaga ta. Likita bai ɓoye mata komai ba, ya ce ciwon gaba yake yi, in akwai inda take son zuwa ta ruwa, ta je tun ƙafafun na ɗaukar ta. Akwai kuwa. Port Davey take son ta ƙara gani, wani lungun teku mai nisa inda suka yi hutunsu na farko. Sai suka yi shawara za su sayar da Tarella su sayi tsohon jirgi irin mai babban inji da ɗan zanen iska, mai faɗin ciki, mai ɗakin tuƙi da ƙofa a gefe, wanda ba ya kwanciya. Wurin ɗaure jirgi ɗaya suke da shi, dole ɗaya ya tafi kafin ɗaya ya zo.

Rodney ya amsa da baki. Amma wannan mutum ya ƙarar da rayuwarsa yana yi wa irin waɗannan jirage dariya. Jemage yake kiran su, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. A kulob ɗin masu jirage, in ya kurɓi giya, cewa yake yi wanda ya sayi jemage gara ya sayi motar haya ya jefa ta ruwa. Yanzu ga shi yana yawon neman jemage da mata a gefe, 'yan kulob kuwa ba su raga masa ba.

"Kyaftin, an samo motar hayar?" in ji su in ya shigo. "Ka zaɓi mai labule mai fure, ka ji? Zai dace da kai."

Ana gab da Kirsimeti, wato farkon lokacin zafi a ƙasar nan, suka ji labarin wani jirgi mai suna Marjorie Kay a Cygnet. Mai shi wata mata ce, Noelene Direen, wadda ta sayar da gonarta ta tuffa tana shirin komawa kusa da 'yarta a Launceston. Ta tarbe su a kan gadar katako da butar shayi a hannu.

Glenda ta dafa ƙarfen gefe ta taka cikin jirgin ita kaɗai, ba wanda ya kama ta. Ta tsaya ta waiwayo ta dubi mijinta tana dariya kamar yarinya.

"Rod, ka gani? Ko sanda ban dogara ba."

Noelene ta tayar da inji suka fita gwaji. Iska na kaɗawa daga kudu, irin mai ratsa ƙashi, amma a ɗakin tuƙi ko gashin mutum ba ya motsi. Ga ɗan murhu a kusurwa, ga kujera mai tsawo a gaban sitiyari. Noelene ta sauka daga kujerar ta ce wa Glenda, "Zo ki riƙe, 'yar'uwa, na ga hannunki na ƙaiƙayi." Glenda ta hau ta riƙe. Aka ɗaga zane, jirgin ya ɗan jingina kaɗan, shayin da ke cikin kofi bai ko zube ba.

"Nauyi gare shi kamar saniya," in ji Rodney.

"Saniyar ai ita ke kai mutum gida da nono, tsoho," in ji Noelene. "Sauka ka duba cikinta, kada ka ce na rufe ka."

Ya ɗauki tocila da sukudireba ya buɗe murfin ƙasa ya sauka ramin inji. Ya ƙwanƙwasa nan, ya soka can. Ya kwanta rub da ciki ya miƙa hannu ƙarƙashin injin, inda ruwa ke kwanciya, inda ruɓa ke fara cin jirgi. Katakon ya amsa masa garau. Ya sake sokawa da ƙarfi, bakin sukudireba ya ƙi shiga. Wanda ya ƙera jirgin nan ya san aikinsa, matar nan kuma ta riƙe shi da amana. Daga sama yana jin su suna dariya, Glenda na tambaya ko tankin mai zai kai su Port Davey ya dawo da su. Nan take Tarella ya faɗo masa a rai, ya gan shi a hannun wani baƙo da zai bar fentinsa ya ɓare.

Ya fito yana goge hannu.

"Yaya?" in ji Glenda.

"Akwai ruɓa," ya ce. "A ƙashin bayan jirgin, can ƙarƙashin inji."

Noelene ta ajiye kofinta. "Ruɓa? Da yawa?"

"Sai an cire injin za a sani."

Ba wadda ta yi masa musu. Glenda ta juya jirgin ta maido su gaɓa, ta jingina shi da gada a hankali ko ƙara bai yi ba, sannan ta shafa sitiyarin ta sauka. A mota, sun kusa gida, ta ce, "Allah ya sa kana da ido, Rod. Da mun sayi wahala." Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Ya je ya fitar da Tarella shi kaɗai, iska mai kyau, ruwa mai kyau, amma ya dawo kafin azahar don ya kasa kallon inda Glenda ke zama. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ka da wanda za ka kai wa ƙararta. Kullum sai ya ce gobe zai buga wa Noelene waya ya ce ya yi kuskure, duhu ne ya ruɗe shi, tsufa ne. Sai dai kafinta irinsa bai taɓa cewa ya yi kuskure a kan katako ba, ga shi kuma in ya faɗa dole ya sayi jirgin. Kirsimeti ta zo ta wuce, jikoki suka zo suka tafi, goben ba ta zo ba. Glenda kuwa ta daina maganar jirgi sam.

A kulob ya ji labarin. Wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai, ɗan'uwa, ka ceci mutane. Ka san matar nan ta Cygnet duk wanda ya zo sayen jirginta sai ta ce masa Rodney Coad ya ga ruɓa? Ta ce ba za ta sayar wa kowa abin da zai nutsar da shi ba. An jawo shi tudu, ana can ana fafe shi."

Washegari da safe ya ce wa Glenda zai je sayen fenti, ya kama hanyar Cygnet. Tun daga nesa ya hango Marjorie Kay a kan tudu, an tokare shi da gumagumai. An cire injin an ajiye a ƙasa an rufe da tamfol. An ɓalle katakan cikinsa layi-layi, mutum na iya hango wancan gefen ta cikin ramin. Kafintan da aka ɗauko ya nema bai gani ba, amma da yake Rodney ne ya faɗa, sai ya ɗauka idonsa ne bai kai ba, ya ci gaba da ɓallewa. Katakan na zube a ƙasa, rawaya, lafiya lau, ƙamshinsu ya cika wurin.

Noelene na zaune a kan bokiti. Ba ta tashi ba.

"Madalla da ka zo," ta ce. "Nuna mana wurin, don Allah. Mun gaji."

Rodney ya duƙa ya ɗauki guntun katako ya juya shi a hannu. Ya san abin da zai iya faɗa ya tsira, ya san kalmomin da babu mai iya kama shi da su. Bakinsa ya ƙi.

"Babu," ya ce. "Babu ruɓa. Ban ga komai ba ran nan."

Noelene ta ce, "To me na yi maka?"

"Ba ki yi mini komai ba. Nawa jirgin ne ba na so in rabu da shi."

"Sai ka ce ba ka so mana! Baki gare ka. Ni na ce dole ka saya?" Ta miƙe. "Dubi abin da na yi masa da hannuna saboda maganarka. Tsoho da kai!"

Ya ce zai mayar da kowane katako da hannunsa, kuma in ya gama shi zai sayi jirgin, in ta yarda. Noelene ta ce ya mayar ɗin, wannan dole ne, sayarwa kuwa sai ta yi tunani. Shi da kafintan suka zagaya jirgin suka duba ɓarnar, dukansu kuwa sun sani. Aikin nan ba zai ƙare ba sai sanyi ya shigo, kuma ba mai zagayawa Port Davey da hunturu.

Rana ta karkata lokacin da ya iso gida. Ya tarar da Glenda a kan benci a tsakar gida, kwandon shanya a gefenta, ta naɗe hannu cikin rigar sanyi. Bai shiga ciki ba, ya tsaya a gabanta ya faɗa mata duka, bai rage ba. Ta saurara har ya gama.

"Na sani," ta ce.

"Noelene ta bugo miki?"

"Ba wanda ya bugo. Rod, tun ina yarinya nake kallon ka kana duba jirage. In ka sami ruɓa, a bakin sukudireba kake fitowa da ita kana nuna wa duniya kamar ka kamo kifi. Ran nan a aljihu ka sa shi."

"To don me ba ki ce komai ba?"

"In ce me? In kunyata ka gaban mace? So nake ka kai ni don kana so, ba don na ja ka da igiya ba." Ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka ni kaɗai abin zai ci. Da na san za ta fasa jirginta da na yi magana. Wannan alhakin har da ni."

Wannan ta fi komai yi masa zafi. Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya kama hannunta ya ji shi sanyi ƙalau. Ya shiga yi mata alkawari da sauri. Gobe zai sa Tarella a kasuwa. Zai yi aikin ba hutu, zai roƙi Noelene har ta haƙura, zai ƙara ƙarfen dafawa a bakin ƙofa. Baɗi war haka suna Port Davey, ita ce a kan sitiyari.

"Baɗi," in ji Glenda. Ta ɗan matsa hannunsa, sannan ta dubi 'yar matakalar da ke hawa barandar gidansu. "To. Yanzu dai kama ni mu shiga ciki. Tun fitarka nake nan, na sauko shanya na kasa hawa."